Amsoshin Tambayoyinku: Waƙar Shagon Aski da Zaman Bitar Mako-Mako

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne da ya yi ritaya, ina zaune a Barnawa. Ɗana ya nuna mini a YouTube wasu maza Amurkawa, sun kai hamsin, tsaye a kan dandamali mai hawa-hawa suna rera waƙa babu ganga babu garaya, amma sai ka rantse an ɓoye kayan kiɗa a bayansu. Ya ce sunan salon barbershop, wato shagon aski. Mu goma sha biyu ne da muka saba zama majalisa da yamma, wasunmu sun yi waƙa a coci, wasu sun tashi da ishiriniya, kuma muna so mu gwada. Shin waƙar masu aski ce? Me suke yi a zaman da suke yi kowane mako?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ba waƙar masu aski ba ce, sunan dai ya samo asali ne daga wurin zama. A ƙarshen ƙarni na 19, shagon aski shi ne majalisar baƙaƙen fatar Amurka, inda maza ke jiran layi suna haɗa muryoyi huɗu da ka, ba tare da takarda ba. Wani mai bincike, Lynn Abbott, ya tabbatar da wannan asali a rubutun da ya fitar a 1992, kuma shahararren mai busa ƙaho Louis Armstrong ya yi irin wannan waƙa a titunan New Orleans yana yaro. Ƙungiyar da ke riƙe da salon a yau, Barbershop Harmony Society, an kafa ta ne a birnin Tulsa na jihar Oklahoma a 1938, lokacin da wani lauya, Owen C. Cash, da abokinsa Rupert Hall suka gayyaci mutane zaman waƙa, maza 26 suka amsa gayyata. Abin takaici, ƙungiyar ta rufe ƙofa ga zuriyar waɗanda suka ƙirƙiro salon, har ta hana wasu baƙaƙen fata huɗu da suka ci gasa a New York shiga gasar ƙasa a 1941, kuma ba ta janye wannan wariya ba sai a 1963. Na kawo wannan ne domin kada wani a majalisarku ya ɗauka kayan aro za ku yafa.

Kafin a zo ga bita, dole ku fahimci inda wannan salo ya rabu da abin da kunnenmu ya saba. A waƙar gargajiyarmu mawaƙi ne ke ja, 'yan amshi su jira ya dire sannan su karɓa da murya ɗaya. A nan babu mai jiran wani. Kowa yana furta kalma guda a lokaci guda, amma a matakan sauti huɗu daban. Akwai mai jan waƙa, wanda ke riƙe da karin da kowa zai gane. A samansa akwai mai siririyar murya, wanda ake so ya yi sanyi-sanyi kada ya danne kowa. A ƙasa akwai mai kaurin murya, shi ne harsashin ginin. Sai na huɗu, mai cike giɓi, wanda ke ɗaukar duk sautin da sauran ukun suka bari, wani lokaci sama da mai ja, wani lokaci ƙasa da shi. Idan ka saurare shi shi kaɗai za ka ce ya ɓata hanya, amma da zarar ya yi shiru sai ka ji waƙar ta zama miya ba gishiri. Wannan gurbi na masu kaifin kunne ne, ku nemo su da kyau a cikinku. Ku goma sha biyu, shawarata ita ce biyar su ɗauki kauri, huɗu su ja, biyu su cike giɓi, ɗaya ya hau sama.

Abin da kuka ji kamar kayan kiɗa a ɓoye kuwa yana da dalili. Kowace muryar ɗan Adam tana ɗauke da wasu ƙananan sautuka a samanta waɗanda kunne ba ya rarrabewa. Idan muryoyi huɗu suka daidaita cif, har saurin kaɗawarsu ya zo a kan lissafin 4, 5, 6 da 7, waɗannan ƙananan sautuka sai su faɗa wuri guda su ƙarfafa juna, a ji wata murya ta biyar tana shawagi a ɗakin alhali babu wanda ya rera ta. Fiyano ba ya ba da wannan daidaito cikakke saboda yadda ake saita shi, shi ya sa suke ajiye kayan kiɗa gefe. Na fara jin wannan murya ne a wani ajin firamare a Unguwar Rimi, mu takwas, a hasken tocilar waya domin an ɗauke wuta. Mun riƙe sauti guda, wani dattijo mai kaurin murya ya ɗan sassauta, sai gilashin taga ya fara rawa, tsigar jikina ta tashi. Muka tsaya muna kallon juna, babu wanda ya iya cewa uffan.

Wannan murya ta biyar ita ake nema a zaman mako-mako, kuma ba ta zuwa da ƙarfin maƙogwaro. Rassan ƙungiyar a Amurka sukan haɗu da dare sau ɗaya a mako, na tsawon awa biyu da rabi zuwa uku. Ana farawa da miƙe jiki da gyaran numfashi da ɗumama murya. Daga nan sai kowane rukuni ya ware gefe ya koyi nasa layin, domin da yawansu ba su iya karanta rubutun kiɗa ba, da kunne suke haddacewa daga sautin da aka naɗa musu, abin da ku ma za ku iya yi ta WhatsApp. Sannan a dawo a tsaya a jere cikin rabin da'ira, wani ya busa ɗan usur da ke ba da sautin farawa, mai ba da umarni ya ɗaga hannu. Ana iya shafe minti ashirin a kan baiti ɗaya, ana gyara yadda kowa ke buɗe baki, domin idan wani ya ce "aa" baki a wangale, maƙwabcinsa ya faɗe ta a tsuke, sautin ba zai haɗu ba. A nan Hausa ta yi mana gata, wasulanmu biyar ne, dogaye da gajeru, kuma ba sa karkacewa a tsakiyar furuci kamar na Ingilishi. Ƙa'idar da nake so ku riƙe ita ce, duk wanda ba ya jin muryar na kusa da shi, to tasa ta yi yawa.

Kada ku fara da doguwar waƙa. Suna da abin da za mu iya kira wutsiyar waƙa, wato 'yan kalmomin ƙarshe da ake ja a hankali, waɗanda mutum huɗu za su koya cikin minti biyar. Ku fara da ita. Ku guji ɗaki mai rufin kwano babu silin idan damina ta sauka, kuma da hunturu kowa ya zo da ruwan ɗumi a filas, domin ƙura ba ta raga wa maƙogwaro.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni daga Sabon Tasha nake. Mun kafa irin wannan ƙungiya mu goma sha biyar, amma bayan wata uku mutum shida kawai ke zuwa, kuma an fara gunaguni a kan kuɗin da ake tarawa. Ina muka kuskure?

AMSA: Ɗan'uwa, ina zaton kun ɗora komai a kan mutum ɗaya. A tsarin rassan da suka daɗe, shugaban ƙungiya daban, mai koyar da waƙa daban, kuma akwai sakatare da ma'aji da wanda aikinsa kawai tarbar baƙo: ya miƙa masa takardar waƙa, ya gwada muryarsa, ya tsayar da shi kusa da gwani. Ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban kowa duk ƙarshen wata, kamar yadda uwar adashi mai amana take yi, za ka ga gunagunin ya mutu.

Ku tsayar da rana ɗaya da sa'a ɗaya, kada ku riƙa ɗagawa saboda wane bai samu dama ba. A gari irin Kaduna, sai an zauna an duba lokutan salla da ranakun sujada a coci, da kuma masu tsallako gada daga Kawo ko Tudun Wada, waɗanda abin hawa ke yi wa wuya da dare. Yammacin Asabar daga bayan la'asar zuwa gab da magariba ya fi dacewa da yawancin mutane, idan azumi ya zo kuma a sake shawara. Ko mutum huɗu ne suka zo, a fara a kan lokaci.

Abin da na fi zargin kun bari shi ne zaman bayan bita. Su can Amurka da an tashi sai a zarce wurin cin abinci, a ci gaba da rera wutsiyoyin waƙa har dare, kuma a nan ake sanin wanda matarsa ke kwance asibiti da wanda aka sallama daga aiki. Teburin mai shayi ya ishe ku. Wanda bai zo ba sau biyu a jere, kada a tura masa saƙon tara, a tashi mutum biyu su je gida su gaishe shi. Sannan ku sa wa kanku ranar fita, domin bita babu ranar nunawa tana gajiyar da mutane. Rassan Amurka sukan je gidajen tsofaffi da asibitoci, kuma kowace 14 ga Fabrairu suna aika mutum huɗu-huɗu su kai waƙa gidaje da ofisoshi a biya su, kuɗin ya shiga asusun ƙungiya. Ku kuma kuna da walimar aure da taron suna da bikin yaye ɗalibai.

TAMBAYA: Malam, ni matar aure ce daga Malali. Mu mata an hana mu ne?

AMSA: A'a, Hajiya. Tun 1945 mata suka kafa tasu ƙungiyar, Sweet Adelines, a wannan birni na Tulsa, suna rera gurabe huɗun nan da sunayensu iri ɗaya, sai dai a matakin muryar mata. Ita ma ƙungiyar mazan, wadda hedikwatarta ke Nashville tun 2007, ta buɗe rajista ga mata a 2018, aka bar wa kowane reshe zaɓin ya zauna na maza zalla, ko na mata zalla, ko a gauraya. Idan kina da ƙawaye uku, ɗaya daga cikinsu mai kaurin murya, kun isa ku fara a tsakar gidanki.