Tambaya da Amsa: Wai 15 ga Janairu ba ta da wani tarihi sai na kisan Sardauna?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni dai ranar 15 ga Janairu aka haife ni, kuma duk shekara in ta zagayo sai kakata ta ce ai ranar da aka kashe Sardauna ke nan, har abin ya fara damuna. Don Allah ba wani abu da ya faru a ranar sai wannan? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Gaskiya Hajiya ba ta yi ƙarya ba, a daren 15 ga Janairun 1966 ne sojoji ƙarƙashin Manjo Chukwuma Nzeogwu suka afka gidan Sir Ahmadu Bello a Kaduna suka kashe shi, a Legas kuma aka ɗauke Firaminista Abubakar Tafawa Balewa, sai bayan kwanaki aka tsinci gawarsa, Firimiyan Jihar Yamma Akintola ma a Ibadan bai tsira ba. Wanda ya rayu a lokacin ba ya mantawa, don haka ki yi mata uzuri. Allah Ya jiƙan su.

Amma fa ki ce mata a wannan ranar dai, a 1970, Philip Effiong, shugaban riƙo na Biyafara, ya miƙa wuya ga Janar Yakubu Gowon a barikin Dodan da ke Legas, yaƙin basasa ya ƙare bayan wata 30 ana zubar da jini. Shi ya sa ma ake bikin tunawa da 'yan mazan jiya a ranar.

Maganar haihuwa kuwa, ai kina cikin manya. Gamal Abdel Nasser na Masar 15 ga Janairun 1918 aka haife shi a Iskandariyya, shi ne ya ƙwace mashigin Suez daga hannun Turawa a 1956, kuma abin da ke burge ni, ya rasu a Satumban 1970 bai ga bikin buɗe madatsar ruwan Aswan da ya sha wahala a kanta ba, sai aka buɗe ta ranar haihuwarsa a 1971. Sai Martin Luther King, ɗan gwagwarmayar baƙaƙen fatan Amurka, 1929 a Atlanta, shi ma dai kamar Sardauna harbe shi aka yi yana ɗan shekara 39.

Na kusa-kusan nan, Wikipedia da ɗalibai ke kwafar asaimen a ciki a ranar ta fara aiki, 2001. A 2009 kuma wani jirgin sama ya yi karo da tsuntsaye jim kaɗan da tashinsa a New York, injinansa biyu suka mutu, matuƙin ya sauke shi a kan kogin Hudson cikin tsananin sanyi, mutum 155 ne a ciki kuma ko ɗaya bai mutu ba. Wannan ki fara ba Hajiya labarinsa, mu ji me za ta ce.