Waldar da ba wuta ba tartsatsi

Tambaya: Salamu alaikum injiniya. Ni mai walda ne a wani ƙauye kusa da Ringim. Na fasa kan cajar waya zan gyara, naga ba noti ba gam amma ya kame gam kamar tare aka zubo shi. Ya suke yi? Kuma injin zai min aikin ƙofa da garma?

Amsa: Wa alaikumus salam maigida, sannu da ƙoƙari. Wannan waldar altarasonik ce, da girgiza ake yin ta. Injin yana karɓar wutar NEPA mai kai da komo sau 50 a daƙiƙa ya mayar da ita sau 20,000 zuwa 40,000, sai ya tura ta cikin wani irin tangaran da yake miƙewa yana tsukewa in wuta ta ratsa shi, motsin nan ne yake sauka ta wani kan ƙarfe na taitaniyam ko alminiyam da aka danne kayan da shi. Ido baya ganin motsin amma zafi yake haifarwa, kamar yadda kake murza tafin hannu da sanyin hunturu.

Dabarar tana wajen zubin robar. A bakin ɓari ɗaya ana barin wani siririn tudu mai tsini ya zagaye, to nan zafin yake taruwa, shi kaɗai zai narke ya malale cikin ɗaya ɓarin, sau da yawa ko daƙiƙa ɗaya ba a cikawa. Shi yasa in ka fasa sai dai ya tsage. Igiyar takunkumin fuska ma haka ake manna ta, duba ɗigo ɗigon dake gefen. Tun 1965 Robert Soloff da Seymour Linsley suka yi rajistar fasahar a Amurka. Sai dai fa robar da zafi ke narkarwa kawai take yi.

Ƙarfe kuma abin ya fi burge ni, dan sam baya narkewa. Kan injin gefe da gefe yake gurzawa, ya kankare dattin saman, tsabtataccen ƙarfe ya haɗu da ɗan'uwansa ƙarƙashin danni su kame. Da haka ake haɗa jan ƙarfe da alminiyam a batirin litiyam da wayoyin wutar mota, aikin da rodinka zai ƙone shi ƙurmus.

Amma ƙofa da garma, gaskiya kar ka sa kuɗinka. Sirara take iyawa, falle da waya, girgizar bata ratsa ƙarfe mai kauri, ga shi kusan kowane kaya sai an ƙera masa nasa kan. Riƙe transifomarka da rodi. Cajar kuma in ta tsage kar ka ɗaure da salatif ka ba mutane, wuta ce mai ƙarfin volt 230 a ciki.