Shaye-shaye gado ne, likita?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Tiramol ce ta raba maigidana da sana'arshi, ƙanenshi kuma wiwi da kodin, har mutane na cewa abin a jininsu yake. Ɗana na fari shekararshi 14 ya fara bin masu haƙar zinare in an yi hutu, wallahi ko barcin kirki bana yi. Shin gado ne ko akwai abin da zan iya yi? Daga wata uwa a Anka.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya shirya mana zuri'a. Gaskiya akwai gado a ciki, binciken da aka yi kan tagwaye da yaran da aka ba riƙo ya nuna kusan kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na haɗarin kamuwa daga jini yake zuwa. Amma fa abin da ake gada saurin kamuwa ne in mutum ya ɗanɗana. Kinga kodin ɗin nan sai hanta ta juya shi ya koma mofin, wato wani maganin kashe zafi mai ƙarfi, kafin ya yi aiki, to wani hantarshi na yin juyin da sauri sosai, mutum biyu su sha cokali ɗaya, ɗaya ya ji jiri kawai ɗayan kuma abin ya hau mai kai. Tiramol ma kusan haka take.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki ramin zinaren nan ne. Wurin aikin ƙarfi, ramin haƙa ko fadamar shinkafa ko kabu-kabu, nan ake miƙa ma yaro ƙwaya ace sha ka ji ƙarfi, kuma ɓangaren ƙwaƙwalwa mai taka ma mutum birki ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, shi ya sa wanda ya fara yana ɗan 14 ya fi saurin kamuwa akan wanda ya fara da gemunshi. Balle ke 'yar Anka ce, kin san gubar dalmar da ta kashe yara a 2010 ta dalilin haƙar zinaren nan.

Ki nema mai wani abin yi lokacin hutu, ɗinki ko gyaran waya, da yamma ƙwallo, da dare Islamiyya, ya kwanta da wuri. Ki san majalisar da yake zama da abokanshi ɗaya bayan ɗaya. Ki zaunar da shi ki gaya mai a fili cewa gidanku ba gidan gwaji bane, ba tare da kin zagi babanshi ba don Allah. In ciwo ya kama shi kar a je kemis a sayo tiramol, a je asibiti kuma a faɗa ma likita tarihin gidan.

Shi kuma maigida ciwo ne gare shi kuma ana magani, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware kusa da Sakkwato. Kar ya daina lokaci ɗaya shi kaɗai a gida, a bari likita ya riƙa rage mai a hankali.