Tambayoyinku: Madarar gwangwani ta yi tsada, in ƙara mata ruwa?

Salam Anti, ya aiki? Sati biyu ke nan da aka min aiki aka ciro min yaro, har yau nono bai sauko sosai ba duk kunun kanwar da nake ɗirka, shi ne likita ya ce mu haɗa masa da madarar jarirai. To Hajiyar maigidana ta ce gwangwanin nan da tsada, in dinga ƙara ruwa ya yi auki, ko a sayo Peak kawai tunda duk madara ce. Ni dai hankalina bai kwanta ba.
Mai jego, Tudun Jukun

Wa alaikis salam 'yar'uwa, barka da arziki, Allah ya raya.

Gara da hankalinki bai kwanta ba. Kar ki ƙara ruwan nan wallahi, yaro zai cika ciki da ruwa ne yana ta ramewa kuna cewa maiko ne ko baki, kuma ruwa in ya yi yawa yana tsinka gishirin jinin jinjiri har ya kai ga jijjiga. Peak da Nido da nonon shanu ba na ɗan da bai shekara ba ne, ƙodarsa ba ta iya ɗauka. Ki nemi gwangwani mai lamba 1, ki bi awon da ke jikinsa, yawanci cokalin ciki ɗaya shafaffe ba toro ba, ga ruwa mil 30, ruwan za ki fara zubawa sannan gari.

Inda muka fi yin sakaci shi ne ruwan. Ko fiya wata ne balle na 'yan garuwa, sai kin tafasa shi, ki haɗa kafin ya yi minti 30 da saukewa don garin kansa yana iya zuwa da ƙwayar cuta, zafin ne ke kashe ta. Sai ki tsoma fidar a ruwan sanyi ta huce, ki ɗiga a hannunki ki ji. Wadda aka haɗa ta yi awa 2 a waje a zubar, ragowar da ya sha ya bari ma a zubar, na san da ciwo amma kuɗin gudawa ya fi, ga zafin Zariya ga wuta ba tabbas. Ki haɗa kaɗan-kaɗan. Fida da kan nononta a wanke a tafasa minti 10.

Ki ɗago shi in za ki ba shi, kar a jingina masa fida a tafi, bayan nan ki saɓa shi ya yi gyatsa. Zuma kuma a bari sai ya shekara. Sannan ki fara sa shi a nono kafin fida, tsotson ne ke kawo ruwa.

Hajiya kam lallaɓa ta za ki yi, ki tafi da ita ranar awo ta ji daga bakin nas. In kin ga bai jiƙa famfas 6 a rana ba, ko maɗigarsa ta faɗa, ko yana zawo, ki wuce asibiti nan take, ko Gambo Sawaba ko Shika, kar a tsaya jiƙe-jiƙe.