Likita Ya Amsa Tambayoyinku Kan Kurkum

Tambaya: Likita, bikina ya matso. Ina ganin yadda ake shafa wa amare kurkum a finafinan Indiya, masu gyaran jiki ma suna haɗa shi da dilka. Ibada ce tasu ko magani, kuma yana haskaka fata? (Wata amarya daga Zariya)

Amsa: Allah ya sanya alheri, Malama. Abin da kike gani sunansa bikin haldi, haldi kuwa shi ne kurkum ko gangamau da harshen Hindi. Kwana ɗaya ko biyu kafin ɗaurin aure ake yin sa. A kwaɓa garin kurkum da madara ko mai ko ruwan wardi, wasu su ƙara garin sandal, sai dangi su riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna shafa wa amarya a fuska da hannu da ƙafa, ango ma a yi masa a gidansu. A wurin mabiya addinin Hindu wannan tsarkakewa ce da neman albarka da kariya daga kambun baka. A kudancin Indiya har zaren da ango ke ɗaura wa amarya a wuya da kurkum ake rina shi, kuma jan garin da matansu ke ɗigawa a goshi, kumkum, asalinsa kurkum ne da aka haɗa da farar ƙasa ya rikiɗe ya zama ja. Wannan ɓangaren na addininsu ne. Ita saiwar kuwa 'yar'uwar citta ce, kayan miya kamar kowane.

Kurkum ba ya canza launin da Allah ya halicce ki da shi. Rina saman fata yake yi, rinin ya fita cikin kwana biyu zuwa uku, kuma yana ɗan kwantar da kumburin ƙuraje. Ki ɗebi rabin ƙaramin cokali ki kwaɓa da babban cokali biyu na kindirmo. Ki fara gwadawa a cikin gwiwar hannu, ki jira kwana guda, domin akwai masu fatar da ba ta karɓarsa, sai ƙaiƙayi da borin jini. In lafiya lau, ki shafa na minti 10 zuwa 15, ki goge da mai kafin ki wanke. Kada ki fara da sabulu, domin sabulu da kanwa suna mayar da shi ja, a fata ko a tufafi. Kuma ki tambayi mai gyaran jiki abin da ta zuba a haɗin. Idan haɗi ya mayar da mace fara cikin mako guda, to akwai man bilicin a ciki, ba aikin kurkum ba ne.

Tambaya: Shekaruna 61, ciwon gwiwa ya dame ni. Ɗana ya kawo mini ƙwayoyin kurkum masu miligiram 500 haɗe da masoro. Ina kuma shan warfarin, maganin tsinka jini, saboda zuciya. In fara? (Wani dattijo daga Maraɗi)

Amsa: Alhaji, don Allah kada ka fara sai likitan zuciyarka ya gani. Ga dalili.

Sinadarin da ke aiki a kurkum sunansa kurkumin, kuma bai wuce kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari na garin ba. Ƙaramin cokali guda, wato kamar giram 3, yana ɗauke da abin da bai wuce miligiram 150 ba, shi ma mafi yawansa hanji ba ya tsotsewa, wucewa yake yi. Masu maganin gargajiyar Indiya, Ayurveda, sun daɗe suna ba da shi da man shanu ko madara ko masoro. Kamfanoni sai suka tace sinadarin zalla, suka ƙara piperine na masoro, wanda wani bincike da aka yi a Indiya a 1998 ya nuna yana ninka abin da ke shiga jini har kusan sau 20. Ka ga ke nan ƙwayar da ke hannunka ta tashi daga kayan miya ta koma magani mai ƙarfi. Ma'aunin da ƙwararrun Hukumar Lafiya ta Duniya da takwararta ta abinci suka sa shi ne kada kurkumin ya wuce miligiram 3 a kan kowane kilo na nauyin mutum a rana. Mai kilo 70 rabonsa 210, ƙwaya ɗaya ta ninka hakan fiye da biyu.

Ban ce ba ya aiki ba. Gwaje-gwaje a kan masu ciwon gwiwa na tsufa sun nuna sauƙin zafi matsakaici bayan mako 8 zuwa 12, amma ba ya mayar da guringuntsin da ya cinye. Matsalarka ita ce warfarin. Kurkumin yana iya ƙara masa ƙarfi, jini ya tsinke fiye da kima, dasashi ya riƙa zubar da jini, bayan gida ya yi baƙi, ko a yi zubar jini a ƙwaƙwalwa. Ga kuma hanta. A Italiya a 2019 an samu mutane da dama da kumburin hanta bayan shan irin waɗannan ƙwayoyi, an kuma ga haka a Amurka. Duk mai sha da ya ga fitsarinsa ya yi duhu, idonsa ya yi rawaya, ko ƙaiƙayi da kasala, ya tsaya nan take ya je a auna hantarsa. Mai tsakuwa a matsarmama ko a ƙoda, da mai juna biyu, da wanda za a yi wa tiyata cikin mako biyu, duk su bar ƙwayar. Ɗan abin da ake barbaɗawa a miya ba shi da laifi.

Tambaya: Yarona ɗan shekara huɗu yana tari. In ba shi madara da kurkum? (Wata uwa daga Jos)

Amsa: Za ki iya, Hajiya. Wannan shi ne haldi dudh da iyayen Indiya ke bai wa yara da dare. Kofi ɗaya na madara, kwatan ƙaramin cokali na kurkum, a tafasa minti biyar, a sauke ya huce, a sa zuma. Yana sanyaya maƙogwaro, iyakarsa ke nan. Jaririn da bai cika shekara ba ba a ba shi zuma. Idan numfashinsa yana sauri, ko awazunsa suna lotsawa, ko zazzaɓi ya kai kwana uku, asibiti za ki kai shi.

Tambaya: An ce yana warkar da rauni da shawara. Gaskiya ne? (Wani matashi daga Kumasi)

Amsa: Zuba shi a rauni tsohuwar al'ada ce a Indiya. Har a 1995 Amurka ta ba wasu masu bincike na Jami'ar Misisipi haƙƙin mallakar wannan magani, hukumar binciken kimiyya ta Indiya ta kawo tsofaffin rubuce-rubuce ta nuna abin ba sabo ba ne, aka soke a 1997. Sai dai garin kasuwa da ya sha ƙura ba shi da tsabtar da za a sa a buɗaɗɗen rauni, balle cibiyar jariri. Wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, ka rufe. Shawara kuwa alama ce ta ciwon hanta ko fashewar ƙwayoyin jini ko toshewar hanyar ɗaci. Kamannin launi ne kawai ya haɗa ta da kurkum, kuma mai shawara ne ya fi kowa dacewa da ya guji ƙwayoyin kurkum.

Tambaya: Wane ya fi kyau, gari ko saiwa? (Wata mai abinci daga Kano)

Amsa: Saiwa, Hajiya. Bayan an haƙo ta ana dafa ta, a shanya kamar mako biyu, a goge bayanta. A wajen gogewar ne wasu 'yan kasuwa ke zuba rini mai dalma don ta yi ɗau, abin da masu bincike suka tabbatar a Bangaladesh a 2019. Dalma ce ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, kuma ko kaɗan ɗinta yana dakushe ƙwaƙwalwar yaro. Ki guji saiwar da bayanta ya yi rawaya mai ƙyalli yana barin launi a tafin hannu. Ki zaɓi mai dusasshen baya, wadda in kin karya ta cikinta ke da tauri da launin lemo, ki wanke, ki shanya, ki daka da kanki, ki ajiye a kwalba mai murfi nesa da rana.