Madarar da Ake Zuba wa Hoto

Ɗana,

Saƙonka ya iso ni bayan sallar isha'i, na kuma karanta shi sau biyu. A karon farko na yi ta dariya har Hajiya ta leƙo tana tambayar ko lafiya, a karo na biyu kuwa dariyar ta tsaya mini a wuya. Ka ce ka ga bidiyon wasu samari a kudancin Indiya sun hau tsani suna kwarara madara a kan wani ƙaton hoton jarumin fim, kana so in gaya maka ko al'ada ce ko addini, tunda na zauna a can. Sannan ka ƙara da cewa abokan ango sun yanke shawarar kafa irin wannan hoton naka a ƙofar wurin biki, kai kuma ka shigo da takun jarumi ana kiɗa, kana tambaya ko al'adarmu ta hana.

Kafin in je Indiya, ni ma na ɗauka duk ƙasar harshe ɗaya take yi, fim ɗinta kuma iri ɗaya ne. Muna samari a Kano, abin da ake haska mana a Plaza da Orion da Eldorado finafinan Bombay ne na harshen Hindi, babu fassara, muna zaune a fili taurari na bisa kanmu, kowa yana ƙirƙirar ma'anar abin da ya gani. Zuwa silima a lokacin abin ɓoyewa ne, domin kakanka yakan ce wurin da ba ka iya gaya wa mahaifinka ka je, ƙafarka ce kawai ta je, mutuncinka yana gida yana jiranka. Sai da na sauka Madras a 1985, garin da yanzu ake kira Chennai, na yi wa wani mai shago 'yar Hindin da na tsinta a silima, ya dube ni kamar na zage shi. Daga baya aka fahimtar da ni cewa mutanen Tamil sun yi zanga-zanga har da asarar rayuka a 1965 don kada a ɗora musu Hindi, kuma harshensu da na maƙwabtansu Telugu ba ma dangin Hindi ba ne. A wancan zamanin yawancin finafinan harsunan biyu a Madras ake yin su, a unguwar Kodambakkam da kewayenta, kafin masu Telugu su kwashe kayansu su koma Hyderabad.

Daren da nake so ka sani ya faɗo a Janairun 1986, lokacin bikin girbinsu da suke kira Pongal. Wani abokin karatuna ya gayyace ni ƙauyensu a yankin Madurai. Da safe na ga mata sun ɗora sababbin tukwanen ƙasa a ƙofar gida, suna dafa sabuwar shinkafa da madara da mazarƙwaila, suna jira ta tafasa ta zubo, domin zubowar ita ce alamar albarka a wurinsu. Da dare ya yi abokin nawa ya ce mu je kallo. Silimar rumfa ce mai rufin ganyen kwakwa, tikitinta hawa uku: masu kujera a baya, masu benci a tsakiya, talakawa kuma a gaba a kan rairayi, maza gefe mata gefe da ɗan shinge a tsakani. Muka sayi na ƙasa. Kowa yana zuwa sai ya tara rairayi da hannunsa ya yi tudu ya zauna a kai, na bayansa kuma ya riƙa zaftare tudun a hankali don ya samu ganin allo.

Fim ɗin tsoho ne, na M. G. Ramachandran, wanda kowa ke kira MGR, kuma a daidai wannan lokacin shi ne babban ministan jihar Tamil Nadu, wato shugaban gwamnatin jihar, muƙamin da ya fara hawa a 1977. Abokina ya ce babu wanda ke rumfar nan da bai kalli fim ɗin ba sau da yawa. Duk da haka, da fuskar mutumin ta bayyana a allo sai wuri ya kaure da fito da ihu, aka watsa yagaggun takardu sama har suka tare hasken majigi, wani saurayi ya ruga gaba ya kunna kafur a tafin hannunsa yana kewaya shi a gaban allon, kamar yadda na ga suna yi a wuraren bautarsu. Gabana ya faɗi, na ce a raina, ni ɗan malam me ya kawo ni nan. Amma abin da ya riƙe ni ban tashi ba wata tsohuwa ce da ke zaune dab da shingen, siririya, zaninta ya koɗe. Duk lokacin da bos ya laɓaɓo ta bayan jarumin sai ta miƙe tana ɗaga hannu tana yi masa kashedi da iyakar muryarta, kuma da ya durƙusa ya taɓa ƙafar mahaifiyarsa ta fim sai na ga tana share hawaye da gefen zani. Ana cikin haka fim ya tsinke, fitila ta kama, mai sayar da gyaɗa ya shigo, babu wanda ya motsa daga tudunsa. Da aka ɗaura, jama'a suka yi ta ihu sai da mai majigi ya mayar da wata waƙa baya aka sake kallonta.

A hanyar gida na ce wa abokina, ashe tsohuwar nan ba ta san wasa ba ne? Ya yi shiru, sannan ya ce jikokinta suna cin abincin rana kyauta a makaranta, kuma mutumin da ta gani a allo ne ya faɗaɗa shirin a 1982. Ya ce a fim bai yarda a nuna shi yana shan giya ko taba ba, kullum direban keken ɗaukar mutane ne ko manomi ko masunci, kullum yana tsaya wa wanda aka zalunta, saboda haka da ya nemi ƙuri'a ba sabon mutum ya zo musu ba. Na kasa ba shi amsa. Har yau ina ganin ƙarfin finafinan kudu da rauninsu duk suna zaune a kan tudun rairayin tsohuwar nan: sun yi wa talaka magana da harshensa a kan ciwon da ke cinsa, amma sun koya masa cewa maganin yana hannun mutum ɗaya.

Na ga ƙarshen abin da idona. Ranar 24 ga Disamba 1987 MGR ya rasu, Madras ta tsaya cik, motocin haya suka daina tafiya, aka fasa shaguna, aka rasa rayuka, wasu ma suka kashe kansu don baƙin ciki. Kwana biyu muna ɗaki da burodi da ruwan shayi. Aka binne shi a bakin tekun Marina, kuma shekaru bayan haka mutane suna kara kunne a kabarin wai suna jin bugun agogonsa. A jihar masu Telugu ma haka aka yi da N. T. Rama Rao, wanda ya sha fitowa a matsayin allolinsu har wasu ke rataye hotonsa a ɗakin bauta. Ya kafa jam'iyya a 1982, cikin wata tara ya zama babban minista. To, madarar da ka gani daga nan ta samo asali. A wuraren bautarsu ana yi wa gunki wanka da madara, masoya fim kuma suka ɗauko wannan suka kai wa jarumansu ranar da sabon fim ya fito. Ko a can akwai dattawa da yawa da abin ke baƙanta wa rai, masu sayar da madara ma sun sha kai kuka.

Kada ka ɗauka ƙin finafinan nake yi, domin yabon gwani ya zama dole. Jikokina sun zaunar da ni na kalli waɗanda ake fassara mana da Hausa, galibinsu kuwa na kudu ne, na kuma yi mamakin nisan da suka yi. Masu Telugu sun iya girman labari: gidan sarauta, gadon mulki, ɗan da aka ɓoye, alkawarin da uwa ta ɗauka, irin abin da kakarka ke ba mu a tatsuniya, sai dai su sun zuba masa kuɗi da fasaha. Tun da darakta S. S. Rajamouli ya fitar da fim ɗin Baahubali a 2015 Bombay ta daina yi musu kallon 'yan ƙauye, a 2023 kuma wata waƙa daga wani fim ɗinsa ta ci kyautar Oscar a Amurka, da harshen Telugu aka rera ta. Masu Tamil kuma ƙarfinsu a ƙasa yake. Tun 1977 Bharathiraja ya fitar da kyamara daga ɗakin ɗauka ya kai ta ƙauye na gaske, da ƙura da awaki, Ilaiyaraaja kuma ya ɗauko kiɗan gona da na makoki ya haɗa da kayan kiɗan Turawa, ya yi wa finafinai fiye da 1,000 kiɗa. Daraktocin baya-bayan nan irin su Pa. Ranjith da Mari Selvaraj da Vetrimaaran sun shiga maganar da ake jin nauyin yi, wato wariyar asali, yadda ake haifar mutum a ce ba ya shan ruwa a kofi ɗaya da wani. Wannan jarumta ce da ta fi ta dukan mutum hamsin.

Dukan mutum hamsin ɗin kuwa shi ne farkon abin da ke gundurata. Mutum ɗaya ya naushi ƙato ya tashi sama kamar buhun ƙaiƙayi, mota ta wuntsila, gari guda ya tsaya yana kallo hannu a naɗe, babu mai unguwa, babu alƙali, babu dattijon da za a kai wa ƙara. Mahaifina yakan ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, su kuwa sa'a uku suke yi suna rantsuwa cewa yana ɗauka. Abin da ya fi wannan damuna shi ne yadda suke yi da mata. Jarumi ya haura sittin, an rina masa gashi, a kawo masa yarinya sa'ar jikarsa, sau da yawa daga wata jiha aka ɗauko ta saboda hasken fata, ba ta ma jin harshen, wata ce ke yi mata magana. A yankin da mutanensa da yawa baƙaƙe ne kamar mu, wannan abin kunya ne. Sannan ga salon neman aure: yarinya ta ce ba ta so, shi kuma ya bi ta tasha, ya bi ta makaranta, ya tare ta a hanya, har a ƙarshen fim a nuna ta gane kurenta. Ina jin samarin unguwarmu suna shewa idan an zo wurin, sai in tuna cewa a zamaninmu wanda ya tare 'yar mutane a hanya, kafin ya isa gida labari ya riga shi wurin mahaifinsa. Ku yanzu kun ɗauki gilashin jarumin da takunsa da yadda yake karkata wuya, kun bar durƙusonsa a gaban uwa, alhali shi ne abin da ya sa tsohuwar nan kuka.

Son da ya wuce iyaka ma bai ragu ba. A Disambar 2024 wata mata ta rasu a turmutsitsin ƙofar silima a Hyderabad, ɗanta ya ji mummunan rauni, saboda jarumin fim ɗin ya zo kallon farko. Da na ji labarin sai na tuna maganar kakarka cewa so hana ganin laifi, ita kuwa a kan 'ya'ya take faɗarta, ba ta san za a yi zamanin da za a faɗe ta a kan hoto ba.

Game da bikinka, ban san wata al'ada tamu da ta yi maganar hoton ango ba, domin a lokacin da aka kafa al'adun babu hoton. Abin da na sani shi ne ranar aurena ban iya haɗa ido da kowa ba, abokaina ne suka yi ta magana a madadina, kuma da wani ya ce in tsaya a ƙofa mutane su kalle ni da na gwammace ƙasa ta tsage. Ango a wurinmu da kunya aka san shi, kuma surukanka za su shigo ta wannan ƙofar, su ɗaga kai su ga ƙaton hotonka yana kallonsu daga sama. Ka yi tunanin mahaifin yarinyar a tsaye a ƙarƙashinsa. Madara kuwa, in dai ana so a yayyafa, a wasu garuruwanmu akan yayyafa wa amarya nono ko turare ranar kamu, 'yan ɗigo kaɗan, kuma mata ne ke yi a cikin gida.

Ka zo ranar Juma'a bayan masallaci tare da babban abokin naka, ina so in ji daga bakinsa tsawon hoton ƙafa nawa ne, nawa aka ce za a buga shi, kuma daga aljihun wa kuɗin zai fito. Kada ka gaya wa mahaifiyarka maganar tukuna, ka san halin ƙanwata, sai ta ce ni na koya maka tun da ni na je Indiya. Hajiya tana gaishe ka, ta ce idan har an riga an sayi madarar ka taho da ita, akwai fura.

Kawunka