Wane ne Bingham da malaminmu ke yawan ambato?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne mai karatun injiniyancin sinadarai, kuma a darasin riyoloji, wato ilimin yadda abubuwa ke kwarara, malaminmu ba ya rabuwa da sunan Bingham. Wane ne shi, kuma me ya gano? Daga wani ɗalibi a Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Eugene Bingham masanin sinadarai ne ɗan Amurka da aka haifa a 1878, ya rasu a 1945. Ya sami digirin digirgir a Jami'ar Johns Hopkins a 1905, daga 1916 kuma ya zama farfesa a Kwalejin Lafayette da ke garin Easton, inda ya shugabanci sashen sinadarai.

Ƙa'idar Newton ta nuna cewa ruwa yana kwarara da zarar an tura shi, komai ƙanƙantar turin. Da Bingham ya riƙa tura kwaɓaɓɓen yumɓu ta cikin siririn bututu, sai ya ga abin ba ya motsi sam har sai ƙarfin ya wuce wata iyaka, daga nan ne kwararar take ƙaruwa daidai gwargwadon ƙarin ƙarfin. A 1919 shi da Henry Green suka nuna cewa fenti ma haka yake, shi ya sa yake shafuwa a ƙarƙashin buroshi amma ya tsaya a jikin bango.

Idan ka ga ana haƙa rijiyar burtsatse a Rigasa ko Kawo, ka tsaya ka dubi lakar da ake turawa cikin ramin. In an kashe famfo, ita ce take riƙe ɓarɓashin dutse kada ya zube ƙasa ya maƙale wa bakin injin, wanda ba ƙaramar asara ba ce ga mai aikin.

A ganina, babban aikinsa shi ne haɗa kan masana. Masu binciken fenti, roba da man fetur kowa yana nasa, sai shi da Markus Reiner da wasu suka kafa ƙungiyar masana riyoloji a 1929, wadda tun 1948 take ba da lambar yabo da sunansa. Duk wannan yana yi ne tare da koyar da ɗalibai a ƙaramar kwaleji.

Ka dai sani cewa lissafinsa kusantarwa ce, domin lakar haƙa ba ta bin ƙa'idarsa ta ƙaruwar kwarara daidai gwargwadon ƙarin ƙarfi sosai idan kwararar ta yi ƙasa. A nan injiniyoyi sukan koma ga lissafin wasu masana biyu, Herschel da Bulkley, na 1926. Allah ya ba da sa'ar karatu.